Kwanaki biyar na Ivan Golunov: yadda maganar intanet ta isa allon talabijin a Rasha

Da ranar Alhamis, 6 ga watan Yuni na shekarar 2019, wasu 'yan sanda cikin farin kaya suka tare Ivan Golunov a tsakiyar birnin Mosko yana kan hanyarsa ta zuwa ganawa da wani, suka jefa shi mota suka tafi da shi. Golunov, wanda a lokacin yake da shekara 36, ɗan jarida ne mai binciken ƙwaƙwaf a Meduza, kafar labarai ta intanet da ake wallafawa da Rashanci daga birnin Riga na ƙasar Latviya. 'Yan sandan sun ce sun samu ƙwaya a jakar da yake goye da ita, sannan sun samu hodar iblis a gidansa, don haka suka tuhume shi da yunƙurin safarar miyagun ƙwayoyi, laifin da hukuncinsa ke tsakanin ɗaurin shekara 10 zuwa 20. Shi kuwa ya ce cusa masa aka yi, ya ce an doke shi, ya kuma nemi a gwada hannayensa da farcensa domin a ga ko ya taɓa kayan, amma da farko aka ƙi. An shafe fiye da sa'a 12 kafin a bari labarin kama shi ya isa ga wani nasa ko ya ga lauya.

Ga wanda ya san yadda shari'a ke tafiya a Rasha, wannan labari ba baƙo ba ne, kuma ƙarshensa sananne ne. Sashe na 228 na dokar manyan laifuka, wanda ya shafi ƙwayoyi, ya tura mutane da yawa gidan yari har Rashawa suka yi masa laƙabi da sashen jama'a, kuma da wuya kotu ta wanke wanda 'yan sanda suka gurfanar a ƙarƙashinsa. Duk da haka, kwana biyar kacal bayan kamun, ministan harkokin cikin gida da kansa ya fito ya sanar da cewa an janye tuhumar. Abin da ya faru a tsakanin Alhamis ɗin nan da Talatar da ta biyo baya shi ne misali mafi bayyana da na sani na yadda maganar da ta taso daga wayoyin mutane take iya tilasta wa manyan jaridu da tashoshin talabijin na Rasha su canja harshe, kuma shi ne ya nuna iyakar wannan ƙarfi.

Kafin a shiga bayanin kwanakin, ya kamata a san yanayin da kafafen labaran ƙasar suke ciki a wancan lokaci. Manyan tashoshin talabijin uku, wato Tasha ta Ɗaya, Rossiya 1 da NTV, suna hannun gwamnati ko kamfanonin da ke jingine da ita, kuma har zuwa lokacin su ne tushen labari ga mafi yawan jama'a. Amma ƙarfinsu ya fara zaizayewa, domin binciken Levada, cibiyar auna ra'ayin jama'a, ya nuna cewa masu dogara da talabijin wajen samun labari sun ragu daga kashi 94 cikin ɗari a 2009 zuwa kashi 72 a 2019. Jaridun kasuwanci uku masu daraja, Kommersant, Vedomosti da RBC, suna da 'yanci gwargwado, sai dai kowacce ta san inda aka ja mata layi. A 2016 an raba manyan editocin RBC da kujerunsu, kuma a watan Mayun 2019, makonni kaɗan kafin wannan lamari, an sallami 'yan jarida biyu daga Kommersant saboda wani rahoto kan shugabar majalisar dattawa, abin da ya sa dukan ma'aikatan sashen siyasa na jaridar suka ajiye aiki. Ita kanta Meduza ta samo asali ne daga irin wannan kora, domin Galina Timchenko ta kafa ta ne a 2014 bayan an cire ta daga shugabancin shafin labarai na Lenta.ru. A gefe guda kuma akwai Telegram, wanda Roskomnadzor, hukumar da ke sa ido kan sadarwa da kafafen labarai, ta haramta a hukumance tun watan Afrilun 2018, amma toshewar ba ta yi aiki ba, kuma 'yan jarida da 'yan siyasa har da jami'an gwamnati suka ci gaba da karanta shi safe da yamma.

Da safiyar Juma'a, 7 ga wata, Meduza ta fitar da sanarwa cewa ta yi imani ma'aikacinta ba shi da laifi, kuma an sha yi masa barazana saboda aikinsa. Da a ce maganar ta tsaya a nan, da ta zama jayayya tsakanin kafa ɗaya mai zama a ƙasar waje da rundunar 'yan sandan babban birni, kuma a irin wannan jayayya kowa ya san wanda talabijin zai gaskata. Abin da ya sauya lissafin shi ne kuskuren da 'yan sandan suka yi da hannunsu. Domin su ƙarfafa zarginsu, sai suka wallafa hotuna tara a shafinsu na intanet, waɗanda ke nuna ƙunshe-ƙunshe da kwalabe da kayan haɗa ƙwaya, aka gabatar da su a matsayin abin da aka tarar a gidan wanda ake zargi. Cikin sa'o'i kaɗan abokansa da abokan aikinsa da suka taɓa shiga gidan suka fara rubutawa a Facebook da Telegram cewa ɗakunan da ke cikin hotunan ba nasa ba ne. Mutane suka riƙa kwatanta bango da daɓe da kayan ɗaki, 'yan jarida suka riƙa kiran ofishin yaɗa labarai na rundunar suna neman bayani, kuma kafin ranar ta ƙare sai da 'yan sanda suka amince cewa hoto ɗaya ne kawai daga cikin tara aka ɗauka a gidan Golunov, suka kuma cire sauran.

A ganina wannan shi ne ƙashin bayan lamarin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ake yawan tsallakewa idan ana ba da labarin. An fi son a ce yawan masu ihu a intanet ne ya tsorata hukuma. Amma ihu a intanet ba sabon abu ba ne a Rasha, kuma hukuma ta daɗe da koyon yadda za ta toshe kunne. Abin da mutanen nan suka kawo ya fi ihu nauyi: sun kawo shaida da kowa zai iya dubawa da idonsa, irin shaidar da babu editan da yake da ita a ofishinsa, domin sai wanda ya taɓa shan shayi a gidan mutumin ne zai san cewa wannan ba ɗakinsa ba ne. Daga lokacin da rundunar ta janye hotunanta, duk ɗan jaridar da yake son ya yi shakka a kan tuhumar ya samu madogara da ba za a kira ta ra'ayin 'yan adawa ba, tunda daga bakin 'yan sandan ta fito. Editan da jiya yake tsoron a ce ya goyi bayan kafar da ke zaune a Riga, yau abin da zai rubuta kawai shi ne cewa hukuma ta saɓa wa kanta.

Irin wannan abu ya sake faruwa da tashar Rossiya 24, wadda ta ba da rahoton cewa gwajin likita ya nuna alamun maye a jikin Golunov, alhali takardar da ta haska a allo tana faɗin akasin haka. Masu kallo suka tsayar da hoton, suka karanta abin da ke rubuce, suka yaɗa shi. A da, rahoton talabijin iska ne, ya wuce ya wuce ke nan, kuma wanda ya lura da kuskure ba shi da wurin kai ƙara sai matarsa ko maƙwabcinsa. Yanzu kowane daƙiƙa na shirin yana iya zama hujja a kan tashar da ta watsa shi.

A wannan Juma'ar ce kuma maganar ta sauka daga waya zuwa titi. Dokar Rasha ta hana taro ba tare da izini ba, amma ta bar ƙofa ga zanga-zangar mutum ɗaya, wato mutum ya tsaya shi kaɗai riƙe da kwali. Sai mutane suka yi dogon layi a gaban hedikwatar 'yan sandan Mosko da ke lamba 38 a titin Petrovka, kowa yana jiran lokacinsa ya karɓi kwalin ya tsaya na 'yan mintoci ya miƙa wa na bayansa. An kama na farko-farko, aka sake su, layin kuma bai yanke ba dare da rana. Dabarar tana da kyau ƙwarai, domin a idon dokar wancan lokaci mutum ɗaya ne yake zanga-zanga, amma a idon kyamarar waya ɗaruruwan mutane ne, kuma hoton layin shi ne ya riƙa yawo. Ranar Asabar, 8 ga wata, jama'a suka cika harabar kotun gundumar Nikulinsky, ana watsa abin da ke gudana kai tsaye, kuma alƙali ya ƙi amincewa da buƙatar tsare shi a gidan wakafi, ya ba da umarnin ɗaurin talala a gida na wata biyu. A shari'ar ƙwaya mai nauyi irin wannan, hakan abu ne da ba a saba gani ba, kuma shi ne alamar farko cewa wani a sama ya fara sauraro.

Meduza ta ɗauki wani mataki da ya dace a tsaya a kansa. Ta buɗe dukan binciken da Golunov ya taɓa yi, ta ba kowace kafa izinin sake wallafa su kyauta. Mutumin da mafi yawan Rashawa ba su taɓa jin sunansa ba kafin wannan mako, sai ga rubuce-rubucensa a shafuka da dama: yadda ake cin kasuwar jana'iza da maƙabartu, yadda masu ba da bashi da ruwa suke raba talakawan Mosko da gidajensu, yadda ake rabon kwangilolin gyaran birnin. Idan manufar waɗanda suka shirya kamun ita ce a binne wani bincike, to abin da suka samu shi ne akasin haka, domin 'yan jarida daga kafafe daban-daban, waɗanda a kullum abokan gasa ne, sun haɗu sun kammala aikin da ya bari a kan kasuwar maƙabartun Mosko da alaƙarta da wasu jami'an hukumar tsaro ta FSB, aka kuma wallafa shi a farkon watan Yuli.

Daga nan sai muryoyin da ba a zata ba suka fara shigowa. Mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo da masu shirye-shirye a YouTube irin su Yuri Dud sun yi magana, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne sosai. Abin da ya ja hankali shi ne mutanen cikin gida. Margarita Simonyan, shugabar RT, tashar da gwamnatin Rasha ke ɗaukar nauyinta, ta rubuta cewa dole hukuma ta amsa tambayoyin da jama'a suke yi game da wannan shari'a, kuma abin lura shi ne a shafukanta na sada zumunta ta faɗi haka, a dandalin da muhawarar take gudana. Ranar Lahadi, 9 ga wata, maganar ta shiga manyan shirye-shiryen sharhin mako. A NTV, Irada Zeynalova ta gaya wa masu kallo cewa idan har cusa ƙwayar aka yi, to wajibi ne a hukunta waɗanda suka aikata. A tashar gwamnati kuma aka ji babban likitan ma'aikatar lafiya kan harkar shaye-shaye, Yevgeny Bryun, yana cewa gwaji bai nuna alamar ƙwaya a jikin Golunov ba. Waɗannan shirye-shirye ne da miliyoyin mutanen da ba su da Telegram suke kallo, kuma ba a saba jin su suna shakkar 'yan sanda a shari'ar ɗan jarida mai zaman kansa ba.

Ranar Litinin, 10 ga wata, Kommersant da Vedomosti da RBC suka fito da shafin farko iri ɗaya, karo na farko a tarihinsu, ɗauke da manyan baƙaƙe da ke cewa «Ni/Mu ne Ivan Golunov», tare da sanarwar haɗin gwiwa da ta ce hujjojin da aka gabatar ba su gamsar ba, ta kuma nemi a binciki 'yan sandan da suka yi kamun. Kafin rana ta yi nisa jaridun sun ƙare a wuraren sayarwa da yawa. A nan ma ruwan ya gudana ta fuska biyu. Adadin kwafin da waɗannan jaridu suke bugawa ba shi da yawa idan aka kwatanta da girman ƙasar, kuma yawancin waɗanda suka ga shafin sun gan shi ne a matsayin hoto a waya. Amma hoton bai samu nauyinsa ba sai don takarda ce ta gaske, mai ɗauke da sunayen jaridun da ministoci da shugabannin bankuna suke karantawa. Intanet ta ba jaridun ƙarfin hali da masu kallo, su kuma suka ba maganar intanet irin martabar da fadar Kremlin take lissafawa da ita. A ranar ce kakakin shugaban ƙasa, Dmitry Peskov, ya amince cewa shari'ar ta haifar da tambayoyi masu yawa kuma fadar tana bibiyarta.

Washegari, Talata 11 ga Yuni, ministan harkokin cikin gida Vladimir Kolokoltsev ya sanar da cewa gwaje-gwajen da aka yi ba su tabbatar da hannun Golunov a laifin ba, an rufe shari'ar, an dakatar da jami'an da suka kama shi. Da yammacin ranar ya fito ya tarar da taron 'yan jarida suna tafi. Kwana biyu bayan haka Shugaba Vladimir Putin ya sallami janar-janar biyu na 'yan sanda, Andrei Puchkov da Yuri Devyatkin. A watan Mayun 2021 kotun birnin Mosko ta ɗaure tsoffin 'yan sanda biyar saboda ƙirƙirar hujja, inda shugabansu Igor Lyakhovets ya samu shekara 12, uku suka samu shekara takwas-takwas, wanda ya amsa laifinsa kuma ya samu biyar.

Zai zama rashin adalci ga gaskiya a danganta wannan sakamako ga kafafen sada zumunta su kaɗai. Kamun ya zo daidai da taron tattalin arziki na ƙasa da ƙasa da ake yi a birnin Saint Petersburg, inda gwamnati take son a yi maganar zuba jari, sai ga manyan baƙi ana tambayarsu labarin ɗan jarida. Shirin da Putin yake amsa tambayoyin jama'a kai tsaye yana tafe ranar 20 ga wata, kuma babu mai son wannan batu ya mamaye shi. Manyan editoci biyu da ke da hanyar shiga wurin masu mulki, Dmitry Muratov na Novaya Gazeta da Alexei Venediktov na rediyon Ekho Moskvy, sun yi ta tattaunawa da jami'ai a bayan fage. Sama da duka, waɗanda suka shirya ƙagen ƙananan jami'ai ne na wata gunduma, kuma binciken Golunov bai taɓa shugaban ƙasa ko iyalinsa ba, saboda haka sadaukar da su bai ci wa fadar komai ba, hasali ma ya ba ta damar fitowa a matsayin mai gyara ɓarna. Sannan akwai abin da ya haɗa kan 'yan jaridar da ba sa ga maciji da juna, wato tsoro, domin kowannensu, har da na tashoshin gwamnati, ya ga cewa idan gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ta wannan hanya mai sauƙi, nasa ma ba shi da tabbas. Har yau ba a gurfanar da wanda ya ba da umarnin ƙagen ba, ko da yake Golunov ya sha nanata cewa wannan ita ce tambayar da ta fi damunsa.

Iyakar abin ta bayyana tun kafin murna ta lafa. Ranar Laraba, 12 ga Yuni, wadda ita ce ranar hutun ƙasa, mutane suka fito tattakin da aka shirya tun kafin sakin, suna neman a hukunta masu cusa ƙwaya, sai 'yan sanda suka kama fiye da 500 bisa ƙididdigar OVD-Info, ƙungiyar da ke bin diddigin kame-kamen siyasa, ciki har da jagoran 'yan adawa Alexei Navalny. Muryoyin cikin gida da suka yi magana ranar Lahadi ba su bi su titi ba. Ranar Juma'a, 14 ga wata, kwana uku kacal bayan sakin Golunov, aka kama Abdulmumin Gadzhiev, editan sashen addini na jaridar Chernovik a Dagestan, bisa zargin tallafa wa ta'addanci. Abokan aikinsa sun yi amfani da taken nan na «Ni/Mu», sun yi shekaru suna tsayuwar mutum ɗaya a birnin Makhachkala, amma Dagestan tana da nisa da ofisoshin editocin Mosko, kuma kalmar ta'addanci tana rufe bakin da kalmar ƙwaya ba ta rufe ba. Talabijin bai mai da shi batun ƙasa ba, kuma a 2023 aka yanke masa shekara 17. Wannan bambanci yana damuna fiye da komai a labarin, domin yana nuna cewa hanyar da ke tashi daga waya zuwa allo ba a buɗe take ga kowa daidai ba, tana bin wanda yake da abokai a inda ake jin magana.

Dabarar ta sake yin aiki a shekarar 2019, lokacin da 'yan wasan kwaikwayo suka yi gangami a intanet saboda Pavel Ustinov, matashin da aka yanke wa shekara uku da rabi kan zargin raunata jami'in tsaro, alhali bidiyon da aka ɗauka a wurin yana nuna yana tsaye ne da wayarsa a hannu lokacin da aka far masa. A nan ma hoto ne ya karya tuhumar, kuma aka mayar da hukuncin zuwa na jeka-ka-gyara-halinka. Amma da aka kama Ivan Safronov a watan Yulin 2020, ɗaya daga cikin mutum biyun da aka sallama daga Kommersant, sai hukuma ta zo da zargin cin amanar ƙasa, ta rufe fayil ɗin a matsayin sirri, aka yi shari'ar a asirce. Babu hoton da za a kwatanta, babu takardar da za a tsayar a allo a karanta, saboda haka waɗanda suka fito da kwalaye ba su da abin riƙewa sai imaninsu da mutumin. An ɗaure shi shekara 22 a watan Satumbar 2022.

Su ma kafafen da suka ɗauki maganar a 2019 ba su tsira yadda suke ba. A 2020 aka sauya masu mallakar Vedomosti da shugabancinta, manyan editocinta suka fice. A watan Yunin wannan shekarar aka ɗage haramcin da ke kan Telegram, kuma a shekarun da suka biyo baya dandalin ya cika da tashoshin jami'ai da na masu goyon bayan gwamnati. An ayyana Meduza a matsayin wakiliyar ƙasashen waje a watan Afrilun 2021, wata guda kafin a yanke wa 'yan sandan da suka yi wa ma'aikacinta ƙage hukunci. A watan Maris na 2022, bayan fara yaƙin Yukiren, aka toshe shafinta tare da Facebook da Instagram, aka rufe Ekho Moskvy, Novaya Gazeta ta dakatar da bugawa. A watan Janairun 2023 kuma aka sanya Meduza cikin jerin ƙungiyoyin da ba a so, matakin da ya sa sake yaɗa rubutunta, wato ainihin abin da dubban mutane suka yi da binciken Golunov a wancan mako na Yuni, ya zama laifin da ake iya gurfanar da mutum a kansa.